Ranar da Na Kira Sunan Rabi

Waɗanda ke cikin ɗakin Hajiya Laure a ranar ba su da yawa, kuma zan faɗi sunayensu domin kada wani ya sake zuwa ya ce maku yana wurin. Akwai ita Hajiya Laure, uwar Sanusi, wato kakarku ta wajen uba, Allah ya jiƙanta. Akwai Gwaggo Dije, yayar mijina, wadda ta riƙe uwarku tun daga yaye. Akwai Hansai, matar wan Sanusi, tana tsaye bakin ƙofa da ludayi a hannu. Sai ni Kulu, sai uwarku Rabi da cikinta na fari. A zaure kuwa akwai Malam Babba, uban Sanusi, da mijina Malam Idi, da shi Sanusin, da malaman da suka zo walima. Ban da waɗannan, duk wanda ya ba ku labarin ranar, ji ya yi a bakin wani. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka autata Hassana ke rubutawa ina faɗa, kuma na gaya mata kada ta gyara mani magana, domin sai ta karanta mani na ji.

Na san abin da kuka tashi kuna ji a Kurfi. An ce kakarku ta Dutsin-Ma ta faɗa zauren malamai babu sallama, ta ɗaga murya a gaban surukinta, ta ja ɗiyarta da tsohon ciki ta tura a mota, kuma wahalar hanya ce ta kashe wanku tun bai sha iskar duniya ba. Zaure dai na shiga. Murya na ɗaga. Sauran kuwa na bar shi a bakin mutane shekara da shekaru ban tanka ba, da dalilina. Yanzu da na ga Maryam, babbar cikinku, ta daina son ƙanshin man gyaɗa, na kuma ga inda take ɗaura zane, na san lokacin shiru ya wuce. Uwarku ma ta ce in faɗa.

Ku yaran yanzu da kuke saɓa ɗan fari a kafaɗa kuna yi mashi hoto, ba za ku gane ba sai an yi maku bayani. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi mashi wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke ɗaga shi ba, in an yabe shi sai ta tashi ta bar wurin. Ni kuwa na riƙe wannan fiye da kowa a unguwarmu, har mata na misali da ni. Da aka yaye Rabi, Gwaggo Dije ta ɗauke ta, kuma gidan Gwaggo katanga ce kawai ta raba shi da namu. Ina jin tarinta ta katangar, ina sanin ranar da ta kwana da zazzaɓi, amma ban taɓa leƙawa na ce ya jikinta ba. Sai dai in dama kunu in aika in ce a kai wa Gwaggo. Ita tana ce mani Yaya, ni kuma in ce "waccan", ko "ɗiyar Gwaggo". In ta shigo gidan aike, abin da ke shiga tsakaninmu horo ne: rufe kanki, rage murya, ba a kallon babba cikin ido, in an tambaye ki lafiya ki ce lafiya lau, in an ba ki zaɓi ki ce duk yadda aka yi. Ta ɗauke duka, ba ta zubar da ko ɗaya ba. Kada ku ji ni ba daidai ba, har gobe ban ce tarbiyyar banza ce ba. Ita ta sa gidaje da yawa suka zauna lafiya, kuma wanda ba ya jin kunyar kowa ni ba na zama inuwa ɗaya da shi. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, akwai ranar da ake ajiye ta, kuma ban koya wa Rabi wannan ranar ba, don ni ma ba a koya mani ba.

Gidan da ta shiga a Kurfi gidan karatu ne, kuma mutanen kirki ne, ko a gaban Allah haka zan faɗa. Malam Babba ko akuya bai iya yi wa tsawa ba. Hajiya Laure ta riƙe Rabi kamar ita ta haife ta. Mijina kuma a gaban Malam Babba ya yi karatu yana saurayi, saboda haka tun daga bakin layi yake cire takalmi in zai gaishe shi. Ranar da aka nemi Rabi wa Sanusi, Malam Idi ji ya yi kamar shi aka yi wa kyauta. Ku riƙe wannan, domin a labarin nan babu mugu ko ɗaya. Da akwai mugu da na san da wa zan yi faɗa tun da wuri.

Da cikin ya shiga wata na bakwai, lokacin ana yankan gero, sai aka yi abin da aka saba: ɗiya tana dawowa gidan iyayenta goyon ciki, ta haifi na fari a gabansu. Uwa ba ta zuwa da kanta, abin kunya ne. Gwaggo Dije ta ɗauki goro ta tafi Kurfi roƙo. Da yamma ta dawo ita kaɗai, ta zauna bakin murhuna tana fifita da gefen gyale.

"Kulu, mutanen nan ba a iya masu. Ina buɗe baki Hajiya ta ce ku ɗauke ta yau ma in kun so, ai taku ce."

Na ci gaba da tuƙa tuwo, na ce, "To?"

"Sai Hansai ta ce ashe amaryarmu ba za ta ga walima ba. Kin san ƙanen Sanusi ya sauke Alƙur'ani, wata mai kamawa za a yi taro. Na ce a'a, ina mu ina raba ta da hidimar gidanta, a bari sai bayan walima. Hajiya ta ce don Allah ku tafi da ita, na ce don Allah a bar ta. Muka yi ta yi kamar masu cinikin saniya. Ƙarshe aka kira ta aka ce ta zaɓa."

"Me ta ce?"

"Me za ta ce, ɗiyar da kika yi wa horo? Ta duƙar da kai ta ce duk yadda aka yi."

Daga nan Gwaggo ta kwance bakin zanenta ta miƙo mani wani abu. Zoben azurfa ne da na saya na ba Gwaggo ta sa wa Rabi lokacin biki, kamar daga ita ya fito. An yanke shi.

"Ta ce a ajiye mata. Matse ta ya yi, sai da maƙeri ya yanke. Ta yi ƙiba abinta, tubarkalla, fuska kamar an hura. Cikin ya karɓe ta."

Tuwon ranar ya ƙone a hannuna. Rabi siririya ce kamar kara, irin jikinmu ne, ba mu ƙiba ko da ciki. Kuma na taɓa ganin zobe ya nutse a yatsa. Ƙanwata Ladi, da aka aurar a ƙauyen Kuki, haka ta yi da cikinta na fari. Ta cika, kowa na yaba ƙiba, tana cewa kanta na sarawa ana ce mata rana ce. Wata safiya tana tankaɗe ta faɗi tana jijjiga, tana cizon harshe. Aka ce iskoki ne, aka yi hayaƙi, aka yi rubutu, kafin azahar an rufe ta da abin da ke cikinta. Ni na yi mata wanka, na ga ƙafafun. Bayan shekaru wata malamar asibiti ta zo gidan suna a unguwarmu, na ji tana gaya wa mata cewa mai ciki in ta kumbura har fuska da hannu, kai na ciwo, ido na ganin ƙyalli-ƙyalli, jini ne ya hau, a kai ta asibiti a ranar. Mata suna ta hayaniyar rabon tuwo, ba su ji ba. Ni na ji, domin Ladi take kwatanta mani.

To ga ni da wannan sani a ciki, ga zobe a hannu, amma bakina bai iya tambayar Gwaggo ko ƙafafun waccan sun kumbura ba. Uwa ta tambayi lafiyar cikin ɗiyar fari? Sai na zagaya na ce mutanen Kurfi duk lafiya dai. Ta ce lafiya lau. Da Malam Idi ya shigo cin abinci na ajiye mashi kwano, na tsaya, abin da ba na yi.

"Malam, a koma a ɗauko ɗiyar Gwaggo."

"An ce bayan walima."

"Bayan walima ya yi nisa."

"Wani abu aka ce ya same ta?"

"Ba a ce ba."

"To da wane baki zan je gaban Malam in ce mun fasa? Mu muka ce a bar ta. In na koma, ai kamar na ce ba su iya riƙo ba ke nan. Ke da ba ki ko kallon inda take, yau kuma me ya tashe ki?"

Na ɗauki butar wanke hannu na fita. Haka na zauna har watan ya kama, ina sa gishiri sau biyu a miya, ina jin tsayuwar kowace mota a bakin titi kamar ni aka zo wa da saƙo. Lokacin waya ba ta shigo hannun kowa ba. Duk wanda na ji ya dawo daga kasuwar Kurfi sai in tare shi da gaisuwa mai tsawo, ko zai ambaci gidan Malam Babba da kansa. Kowa lafiya lau yake kawo mani. Zoben kuwa yana ƙulle a bakin zanena, har ya yi mani shaida a cinya.

Walima ce ta ba ni hanyar shiga gidan ba tare da an ce na zo ganin ɗiya ba. Muka tafi ni da Gwaggo da Malam Idi, muka isa da hantsi. Tsakar gida cike da mata, tukwane a kan murhu, ana suyar waina, hayaƙi ko'ina. Ban nemi Rabi da ido ba, amma na san ɗakinta, kuma da muka gifta na ga takalman namiji a bakin ƙofa, silifa manya irin na shiga bayi. Na ce a raina, yaron nan Sanusi ba ya da hankali, gida cike da baƙi yana ɗakin mata. Aka kai mu ɗakin Hajiya Laure, aka shimfiɗa mana tabarma, muka shiga gaisuwa. Muna cikin ta sai na ji jan ƙafa a tsakar gida, aka ɗaga labule, na ga silifan nan su ne a ƙafar mai shigowa. Ita ke sa su. Nata sun daina shiga.

Ta tuɓe su ta shigo da kwanon ruwa, ta durƙusa, da ƙyar gwiwar ta kai ƙasa. Fuskar ba ta Rabi ba ce, idanun sun shige ciki. Ta gaishe da Gwaggo, ta juyo wajena ba ta ɗago ba.

"Yaya, an zo lafiya?"

Na ce lafiya, ina kallon bango yadda aka saba. Amma gefen idona na kan hannunta. Ta zo ajiye kwanon a gabana, sai ta ajiye shi a kan ƙafar Gwaggo, ruwan ya tuntsure a tabarma. Ta shiga lalube tana ba da haƙuri. Hansai ta leƙo daga bakin ƙofa tana dariya.

"Amaryarmu ta ga mutanen gida hannu na rawa! Tun asuba nake ce mata ta zauna, ta ƙi. Ita ta soya rabin wainar nan."

Hajiya Laure ta ce, "Hayaƙi ne ya cika mata ido. Sannu, ɗiyata, je ki huta."

Ta dafa ƙasa za ta tashi, ta kasa. Ta sake dafawa. A nan ne abin da na riƙe shekara ashirin ya saɓule mani. Na miƙa hannu na kamo ƙafarta, na danna babban yatsana a kan ƙaurin. Da na ɗaga, ramin ya zauna kamar an danna tuwo, bai taso ba.

"Rabi. Ɗago ki dube ni."

Hansai ta sauke ludayin. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Kulu, a gidan surukai?"

Ban kula ta ba. Rabi ta ɗago, kuma na ga tsoro a fuskarta, ba na ciwo ba, na jin sunanta a bakina.

"Me kike gani?"

"Ba komai, Yaya."

"Na ce me kike gani?"

"Wani ƙyalli-ƙyalli ne, kamar ƙudaje masu haske. Yana wucewa."

"Kan fa?"

"Kaɗan ne."

"Awo fa, kina zuwa?"

Hansai ce ta amsa, murya ƙasa-ƙasa, ta ce tun da cikin ya fito ta daina, domin sai ta ratsa zaure, kuma zauren kullum da Malam da masu ɗaukar karatu. An ce a raka ta, ta ce ita lafiyarta lau.

Na juya wajen Hajiya Laure na ce asibiti za mu yanzu, Dutsin-Ma. Baiwar Allah ba ta musa ba. Ta ce to, to, gaskiya ne, bari a sauke abinci a sallami baƙi, in an yi la'asar Sanusi ya nemi mota, ai ko ruwa ban sha ba. Na san yadda saƙon zai tafi. Za a aika a kira Sanusi a asirce, shi kuma ba zai tashi daga gaban ubansa ana addu'a ba. In ya tashi, ba zai iya cewa matarsa ce ba, balle ya ambaci ciki. Zai raɗa wa wansa, wan ya jira a shafa fatiha, a ci abinci, a raka manyan baƙi. Kowa zai yi daidai, kuma kafin su gama yin daidai na san gawa zan wanke. Na tashi, na ja gyalena, na ratsa tsakar gida. Gwaggo na bayana tana kiran Kulu, Kulu, ki dubi girman Allah.

Zauren cike yake, malamai sun ɗaga hannu. Gaskiya ne ban yi sallama ba, ban tuna ba. Na tsaya a tsakiyarsu a tsaye, mace, gidan surukai, ban durƙusa ba.

"Malam, ɗiyata Rabi ba ta da lafiya. Ciwon da ke kashe masu ciki ne. Mota nake so yanzu, ba bayan la'asar ba."

Addu'a ta tsinke. Sanusi ya sunkuyar da kai har rawanin na gabansa ya rufe shi. Malam Idi ya miƙe, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Kulu! Fita. Kin san inda kike?"

"Na sani, Malam. Ba zan fita ba sai da mota."

Wani tsoho a gefe ya ce a'uzubillahi, wani ya ce wannan wace ce. Malam Babba bai dube ni ba. Buzunsa yake kallo. Sannan ya ce, a hankali kamar yadda yake magana kullum, "Sanusi, tashi." Ya juya wajen wani Alhaji da ya zo daga Wurma da motarsa, ya roƙe shi aro. Ko a nan ku lura, mutumin nan bai hana ba. Tun farko da wani ya buɗe baki ya gaya mashi, da tuni an gama.

Kafin a fito da ita sai da Rabi ta nemi durƙusa wa Hajiya ta yi sallama, tana cewa a yafe mata ba ta gama wainar ba. Na ɗago ta da hannuna. Muka sa ta a baya tsakanina da Gwaggo, Sanusi a gaba, Malam Idi ya ce zai biyo mu, bai dube ni ba. Damina ta ci hanyar a wurare, direban na kauce wa ramuka, ni ina ce mashi ya taka. Ta yi amai a zanenta, ta shiga ba direba haƙuri. Sanusi bai waiwayo ba ko sau ɗaya, ba don bai damu ba, ina ganin gumi na bin wuyansa. Surukarsa na baya, shi ya sa. Mun fara hango duwatsun gari ke nan na ji hannunta ya ƙage a cikin nawa. Idanun suka juye, jikin ya ɗauki rawa, haƙora suka datse. Gwaggo ta fasa salati. Na kwantar da ita a gefe a kan cinyata, na riƙe kan, ina kiran sunan nan da na hana bakina tun ranar da aka raɗa shi, ina kira kamar in na bari za ta tafi. A nan Sanusi ya juyo gaba ɗaya, ya durƙusa a kan kujera, yana kuka a gabana.

A asibiti ba su tsaya tambaya ba, suna ganinta suka karɓe ta a guje. Aka yi mata allura, aka sa ƙarin ruwa, aka ce jinin ya hau sosai, sai an yi aiki an cire abin da ke cikin. Muka zauna a baranda. Malam Idi ya iso ya zauna nesa da ni. Ban san na yi la'asar ko ban yi ba, Gwaggo ta ce na yi. Gab da magariba wata malama ta fito ta ce uwar na da rai, sai a ci gaba da addu'a, amma yaron bai zo da rai ba, namiji ne. Aka miƙo mani shi a zane. Na buɗe na duba, domin na karɓi jarirai da yawa a unguwa, masu rai da marasa rai. Fatarsa ta fara saɓulewa a hannu da ciki. Wanda ya rasu a mota ba haka yake ba. Na rufe shi, ban ce komai ba, maza suka karɓa suka tafi da shi.

Abin da ranar ta jawo mani, na biya. Kafin a sallame mu magana ta gama Kurfi, cewa na ci mutuncin Malam a gaban baƙinsa, kuma garajena ya kashe jikansa. Malam Babba bai taɓa cewa uffan ba, har buhun gero ya aiko, kuma wannan ya fi mani zafi da a ce ya yi faɗa. Malam Idi ya yi wata da watanni ba ya ce mani komai sai abin da ya zama dole, kuma har ya koma ga Allah bai sake sakin jiki a zauren malaminsa ba. Ni ban ƙara taka gidan ba sai ranar gaisuwar Hajiya Laure. Sunanku duka a bakin Gwaggo na ji yadda aka yi. Mata da ke misali da ni suka koma yi da ni a gidan biki, in na shigo a canza magana. Na ɗauka, kuma ko yau aka mayar da ni bakin zauren nan, shiga zan yi.

Amma bari in koma asibitin, domin abin da nake so ku ji yana can. Tun da yamma Gwaggo ta tsara cewa in Rabi ta farka a ce mata yaro na ɗakin jarirai, sai ta yi ƙarfi a gaya mata. Kowa ya ce haka ya dace. Ni ban ce to ba.

Da gari ya waye Hajiya Laure ta iso a motar farko, idanu jajur, da kwanon wainar jiya da ba wanda ya ci. Na samo ruwan ɗumi na shiga. Rabi ta farka, Gwaggo da Hajiya na gefenta suna yi mata sannu, suna cewa yaro na can ana kula da shi. Sanusi na tsaye a waje jikin taga, tun asuba yake nan, ya kasa shigowa saboda ni. Na leƙa na ce, "Sanusi, shigo ka zauna kusa da matarka. Ni ba inda za ni, kai ma haka." Ya shigo kamar wanda za a yanka. Na jiƙa tsumma na goge mata fuska.

"Rabi, ya jikin?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Ba gaisuwa nake yi ba. Faɗa mani inda ke ciwo."

Ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta sake dubana. Sannan ta fara, a hankali, kamar mai koyon magana. Ta ce kan. Ta ce wurin ɗinkin kamar wuta. Ta ce harshen, inda ta cije. Sai ta ce:

"Yaya, ba shi da rai, ko?"

Gwaggo ta taka mani ƙafa. Na ce, "Ba shi da rai. Namiji ne. An kai shi jiya."

"Na sani. Tun shekaranjiya bai motsa ba. Na je ƙofar Hajiya in faɗa, na tarar da baƙi, na gaishe su na koma. Na sake zuwa, na ga tana ta hidima, na ce bari a gama walima."

Hajiya Laure ta rufe fuska da gyale. Ta ce ita ma ta ga kumburin, wallahi ta gani, amma ta ji tsoron in ta matsa a tafi da ita, mu ce ta gaji da riƙon ɗiyarmu. Sanusi ya ce shi ya ba ta takalman. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na ce maganar nan ta tsaya a ɗakin nan. Yarinyar da ta rasa ɗa ba za a ƙara mata da cewa shirunta ne ba. In an tambaya, a ce garajena ne da wahalar hanya, ni bakin mutane ba ya hana ni barci.

Daga nan na hau bakin gadon wajen kanta, na zauna, na ɗora kan a cinyata, abin da rabona da shi tun tana shan nono. Na kwance zoben daga bakin zanena na sa mata a tafin hannu, na rufe hannun da nawa. Sai ta fashe da kuka, mai ƙarfi, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba ko ta katanga, har masu jinya a sauran gadaje suka waiwayo. Gwaggo ta sunkuyo tana cewa yi shiru, yi shiru, ɗiyata, mutane na ji.

Na ce, "Bar ta, Gwaggo. Su ji."